Ranakun Mutumin Furfuri

Na yi shekara biyu da 'yan watanni ina aiki a wani gidan abinci na zamani a Gusau, irin wanda ake zuba wa mutum shinkafa da kaza a roba tun bai gama laluben aljihunsa ba. Ni mutumin Tsafe ne, karatu ya kawo ni, ina zaune a gidan kawuna. Aikin ba na kullum ba ne. Manaja zai ba ka kwana biyu ko uku a mako, ko dutin safe daga ƙarfe bakwai zuwa biyu, ko na yamma daga biyu zuwa tashi. Babu wata takarda da aka ba mu ranar da aka ɗauke mu. Wanda ya kawo ka shi ne shaidarka, in ka yi laifi kuma shi za a fara kira.

Kowace Lahadi ana liƙa jadawalin mako a jikin babban firiza na kicin, kowa ya zo ya duba ranakunsa. A zamanin tsohon manaja wannan takarda ado ce kawai. Shi dai ya shigo ya ga kowane wuri da mutum a tsaye, bai damu da ko waye ba. Saboda haka mu muke gyara abinmu a tsakaninmu. Ina da jarrabawa, wani ya riƙe mini. Wata za ta je suna, na riƙe mata. Ba a taɓa barin wuri babu kowa ba, abin da muke alfahari da shi ke nan.

Wanda ya fi kowa daɗewa a cikinmu shi ne mai suyar kaza. Ya ba arba'in baya, mu kuwa duk samari ne da 'yan mata in ka cire mutum ɗaya ko biyu, don haka Baba muke ce masa. Daga Furfuri yake zuwa, can wajen Bungudu, a kan wani tsohon babur da ake jin tahowarsa tun daga kwana. Talata, Alhamis da Asabar, dutin safe, shekara shida bai canza ba. Manomi ne, kuma bai taɓa ɓoye cewa noma ne aikinsa ba. Yakan ce gona ita ke cika rumbu, amma rumbu ba ya sayen magani, ba ya sayen sabulu. Waɗannan kwana ukun su ne suke riƙe masa gida daga kaka zuwa kaka, da mata da 'ya'ya da tsohuwarsa da ba ta gani sosai. Ba mai yawan magana ba ne. Idan yana gaban kasko ba ya son a tsaya masa a baya, kuma ban taɓa ganin an dawo da kazarsa an ce da jini a ciki ba.

Ni a lokacin wanke-wanke nake yi da zuba abinci a roba, Litinin da Laraba. Kwana biyu ba sa isar ɗalibi komai, ga shi duk wanda ya shigo kicin ya fi ni daraja. Mai suya kuwa shi ake fara gaisarwa. Ina kallon wurin nan nasa da sha'awa, ba zan ce ba na yi ba.

Da bazara aka kawo sabon manaja. Matashi ne, bai fi ni da yawa ba, ya yi aiki a manyan garuruwa, kullum da kwamfutarsa a hammata. Mutane suna so in ce mugu ne idan ina ba da labarin nan, to ba mugu ba ne. Shi ya sa aka sayo mana safar hannu, shi ya ajiye akwatin magani a kicin, shi ya yanke cewa kowa yana da rabin awa na hutu ban da lokacin salla. Amma ya zo da doka guda: sunan da ke jikin firiza shi zai zo. Mai son musaya ya sanar kwana biyu kafin ranar. Muka ce to. A wajenmu to ba ta da tsada, kuma a watan da ya faɗi maganar babu ko gajimare a sama.

Ruwan shuka ya sauka wata Litinin da la'asar, mai yawa, irin wanda yake shiga ƙasa sosai. Duk wanda ya tashi a gidan noma ya san abin da ke biyo baya. Ƙasa tana ba ka kwana ɗaya, in ka yi sa'a biyu, kafin danshin ya gudu. Wanda ya makara ya bi sahun masu sayen hatsi. Ruwa kuma bai taɓa sanar da kowa kwana biyu kafin ya zo ba.

Washegari Talata, bakwai saura kwata, muna buɗe ƙofar baya (na shigo riƙe wa wani ne ranar) sai ga wani magidanci mai gemu a kan babur ɗin Baba, riƙe da leda. Ya yi sallama, ya gaisa da kowa, ya buɗe ledar, sai ga rigar aikin Baba da hularsa a wanke a goge.

Ya ce, "Yaya ya tahi gona. Ni na wakilinai."

Ƙanensa ne uwa ɗaya uba ɗaya, ya daɗe da barin noma, kifi yake soyawa a bakin titi a Bungudu. Babu wanda ya ga wani abu a ciki. A wajenmu in an kira gayya ba ka samu zuwa ba, sai ka tura hannu daga gidanku, an ɗauka ka je. Haka ɗaurin aure, haka gaisuwar mutuwa. Baba ma ya yi abin da ya fi haka, don bai turo wanda za a koya wa riƙon cokali ba, ya turo wanda ya san mai. Muka nuna masa inda kaya suke, ya sa riga, ya kama aiki. Zuwa ƙarfe goma ya cika tire huɗu, kuma in ba an gaya maka ba ba za ka ce hannu ya canza ba.

Ƙarfe goma manaja ya shigo. Ya tsaya yana kallon baƙon fuska a cikin rigar gidan, ya tambayi ko waye, aka gaya masa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce wa mutumin ya cire rigar, ya yi masa godiya, ya sa aka zuba masa abinci, ya raka shi har ƙofa. Da ya dawo ya tara mu ya ce wannan mutum ba a yi masa gwajin lafiya ba, babu wanda ya san shi a rubuce, in mai ya zubo masa a ƙafa wa za a kama? Na ji maganar ta shige ni, ko da yake ban nuna ba. Sai ya waiwayo ya ce in bar wanke-wanke in kama kasko. Kazar da na fitar ranar ta farko ta ƙone ta waje, ta biyu ta yi dama-dama. Kafin a tashi na fara jin kaina.

Ranar Alhamis Baba ya zo da fara'arsa, ya gama shuka gero da dawa. Manaja ya kira shi ya ce an rubuta masa fashi ba sanarwa, hukuncinsa mako ɗaya ba duti, in ya sake kuma shi ke nan. Wata abokiyar aikinmu da ta ji da kunnenta ta ce Baba ya daɗe yana kallonsa, ba don fushi ba, don bai gane ba.

Ya ce, "Amma ai na aiko."

Manaja ya ce, "Baba, kai aka ɗauka aiki, ba gidanku ba."

A nan ne na shigo da ilimina. A makaranta mun yi wani darasi da aka taɓo dokar ƙwadago, na riƙe rabi na zubar da rabi. A ranar na leƙo wurin, da lokacin hutu ya yi, a gindin darbejiyar da ke bayan kicin, na tsaya na yi wa mutane huɗuba. Na ce ma'aikaci yana da haƙƙi ko da na kwana biyu ne, na ce ya kamata a ba mu sharuɗɗan aiki a rubuce, na ce su suna canza mana ranaku da daddare a waya ba sanarwa amma mu ake nema da kwana biyu. Wannan na ƙarshen gaskiya ne, kowa ya gyaɗa kai. Na kawo shawarar mu rubuta takardar koke ga Hajiya, mai gidan abincin, kowa ya sa hannu.

Akwai wata mata 'yar 'Yankuzo da ke naɗe shawarma, ta girme ni, bakinta kuma ba ya jiran izini. Ita ta kashe maganar takardar. Ta ce Hajiyar da take ba mu shinkafa da atamfa da salla, wadda ta je har gida gaisuwa da mahaifin wani ya rasu, ita za mu aika wa takarda kamar mun kai ta kotu? Ta ce mai kunya da ƙafa yake zuwa. Kowa ya bi bayanta. Aka ce tunda ni ne mai baki, ni zan yi magana, na ce wannan ai ƙaramin abu ne. Baba bai so zuwa ba, sai da aka matsa masa.

Muka je ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, mu biyar. Aka shigar da mu falo mai sanyi, muka zauna a ƙasa duk da ta ce mu hau kujera. Hajiya ta sa aka kawo kunun aya. Ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tana tambayar iyaye da yara, ta tambaye ni karatu, ta tambayi hanyar Tsafe ko ana samun wucewa lafiya kwanan nan. Ta san tsohuwar Baba ba ta gani, ta tambayi idon. Sannan da bakinta ta ce masa, an samu yin shuka kuwa? Ya ce alhamdu lillahi. Ƙofa ke nan ta buɗe mana har bango. 'Yar 'Yankuzo ta taɓa ni da gwiwar hannu. Ni kuwa na ɗaga kofi na kafa kai, na sha kunun nan kamar shi na zo sha.

Can sai Hajiya ta ce, "Lafiya dai ko, na gan ku a tare?"

Na ce, "Lafiya lau, Hajiya. Gaisuwa muka kawo. Sai dai batun damina, a riƙa duba mu."

Ta ce Allah ya ba mu damina mai albarka, muka ce amin. Aka yi addu'a aka shafa, muka fito. An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, to ni na je har bakin rijiya na dawo da rigata a jiki. Muna fita ƙofar gida 'yar 'Yankuzo ta dube ni ta ce, "Lauya, sannu da ƙoƙari." Sunan ya bi ni har na bar wurin.

Hajiya ba yarinya ba ce. Ma'aikata biyar ba sa haɗuwa su zo gaisuwa ranar da ba salla ba. Ta kira manaja ta tambaye shi abin da ke faruwa, shi kuma ya ji zafin an tsallake shi. Bayan kwana biyar ya fito da takarda shafi ɗaya, kowa da tasa. Abin dariya, ita ce takardar da na tsaya a gindin darbejiya ina nema. An rubuta wa kowa ranakunsa, ba za a taɓa su ba har wata uku. Su ma in za su canza sai sun ba da kwana biyu. Hutun rabin awa yana ciki. Ya ma janye hukuncin Baba. Sai layi na ƙarshe: na yi alkawari zan zo da kaina a ranakuna, rani da damina, ba zan yi fashi ba sai da sanarwa, ba zan turo kowa ba.

Kowa ya sa hannu a tsaye. Har da wasu biyu da na san suna da gona, ɗaya a Bungudu, ɗaya a wani ƙauye kusa da mu. Baba ya ja ni gefe ya ce in karanta masa, na karanta. Ya ce in sake layin ƙarshe, na sake. Ya ninke takardar ya miƙo mini.

Na ce masa ya sa hannu kawai, ai takarda ce, in ranar ta zo za mu san yadda za mu yi. Na nuna masa waɗancan biyun na ce su ma ai manoma ne. 'Yar 'Yankuzo ta sa baki, ta ce ya dubi yaransa. Ya saurare mu har muka gama.

Ya ce, "Shukata ta hito, amma yau kwana tara ba ruwa. In yak ƙara kwana ukku sai an sake ta. Ranad da ruwa za shi dawo ni ban san ta ba, ku ma ba ku san ta ba. In ya sabka ranad dutina, gona za ni. Ƙaƙa zan ce na yi alkawali, ina sane?"

Na ji haushinsa a lokacin, haushi sosai, irin wanda kake ji idan mutum ya ƙi yin abin da kai ka riga ka yi. Ya je ya gaya wa manaja da kansa cewa zai sa hannu a kan komai ban da wancan layin. Manaja ya ce takarda ɗaya ce ga kowa, in ya cire wa mutum ɗaya ya cire wa duka, ya ba shi zuwa Lahadi ya yi tunani. Lahadi ta zo, aka liƙa jadawali babu sunansa. Ba a ce an kore shi ba. A irin aikinmu ba a korar mutum, sai dai ya zo ya duba firiza ya juya. An ba wani Alhamis ɗinsa, ni aka ba ni Talata da Asabar, a gaban kasko. Na tashi daga kwana biyu na koma huɗu. Na tausaya masa, na kuma yi murna, kuma murnar ta fi yawa.

Ruwa ya yi kwana goma sha wani abu bai dawo ba. A mota, a masallaci, a shagon mai shayi, zancen ke nan, shuka ta ƙone a wurare da yawa. Sai wata Juma'a ya dawo da ƙarfinsa, ya kwana yana zuba. Asabar na fito da sassafe ina tsallaken kwata, garin ya yi sanyi, ko'ina ƙamshin ƙasa.

Asabar ita ce ranar da ta fi cika, ranar kuma akwai odar wani biki da za a zo ɗauka da azahar. Ƙarfe bakwai ta wuce, takwas ta wuce, manoman nan biyu da suka sa hannu babu ko ɗaya. Wayoyinsu a kashe. Ba su turo kowa ba, tunda takarda ta hana. Muka rage mu uku a kicin da aikin mutum biyar. Manaja ya ajiye kwamfuta ya ɗaura rigar aiki yana juya shinkafa, gumi har cikin ido. Ni kuma kaza ta fi ƙarfina, ina fitar da tire ɗaya ana jiran uku.

Wajen ƙarfe tara ya kira ni, bai ko ɗago ba. Ya ce in kira Baba, in ce masa ya dawo bakin aikinsa, a bar zancen layin nan, za su zauna su daidaita. Na goge hannu na fita bayan kicin inda waya ta fi kamawa. Ina fata a raina ta ƙi shiga, kamar yadda ta saba yi in an kira ƙauye. Bugu biyu ya ɗauka.

Ina jin iska, da muryoyin mutane nesa-nesa, yana haki. Na gaya masa saƙon yadda aka ba ni. Ya yi hamdala. Ya ce yana tsakiyar gona, geron duk sai da aka sake, in ya saki sungumi yanzu ya saki shekara.

Ya ce, "Yau kam ba ni iyawa, ƙanena. Amma ka hwaɗa mishi na gode da yat tuna da ni. Zuwa marece na ƙare. In shina so, gobe tun da sahe ina nan tahe, ko wace rana yab ba ni. Abin da yac ce ka kira ni ka hwaɗa min."

Na ce to.

Na tsaya kaɗan a gindin bishiyar. Ba wani dogon tunani na yi ba, kada in ƙara wa kaina daraja. Na dai san in ya dawo kasko nasa ne, ni kuma in koma bakin famfo da kwana biyuna. Na shiga ciki. Manaja yana zuba shinkafa a kula, ya ce me ya ce?

Na ce, "Ya ce ba zai samu zuwa ba, yana gona."

Ya ce shi ke nan, ya ci gaba da abin da yake yi. Muka fitar da odar a makare, masu biki suka yi faɗa suka tafi. Waɗancan biyun sun dawo a dutinsu na gaba da ba da haƙuri, ɗaya ya ce zazzaɓi, ɗaya ya ce babur ne ya lalace, ga ƙasar gona a faratansu. Manaja ya yi musu faɗa mai zafi, ya ce wannan ne na ƙarshe. Bai cire kowa ba, don ba shi da hannun da zai sa a madadinsu. Har na bar wurin suna nan.

Ranar Lahadi da hantsi ina ɗaki ina karatu, wayata ta yi ƙara sau ɗaya ta tsinke. Na duba, Baba ne. Irin kiran da mutum yake yi in yana tuna maka abu kuma ba ya so ya zama ya roƙa. Da kati a wayata, ba abin da nake yi da ba zai jira ba. Na kifa ta a kan katifa na ci gaba da karatu. Bai sake kira ba.